Cocin Su Anti

Sau ɗaya na taɓa shiga coci, kuma ba kallo ya kai ni ba. Saƙo na kai. Ba ni aka ba saƙon ba ma, kaina ya faɗo, don wanda aka ɗora wa faɗarsa ya toge a bakin ƙofa.

Anti tela ce. Ta fi shekara ashirin a Talata Mafara, shagonta manne da zaurenmu, wurin Baba take haya. 'Yar kudu ce, Kirista, ba miji ba ɗa, amma in ta kama faɗa da mai kawo mata gawayin guga sai ka rantse a Bakura aka yanke mata cibiya. Da na gama sakandare ban samu wucewa gaba ba, Inna ta riƙo hannuna har shagon, ta ce, “Ga ta nan, ki koya mata. In tay yi ƙiwa ki buga.”

Anti ta ce, “Ni ba ni bugu, Inna. Warwara nike sawa.”

Haka kuwa take yi. In layi ya karkace ko da kaɗan ne, sai ta miƙo mini reza ba tare da ta ɗago kai ba. Na taɓa warware wuyan riga ɗaya sau biyar a wuni guda, ina kuka, ita tana cin gyaɗa.

In tana kan keke ba ta da hira sai ta cocin garinsu. Ta ce ba kowane coci ake kira basilika ba, daraja ce da ake ba wanda ya tsufa ya kuma yi suna, daga can wurin babbansu na Rum. Ta ce in ka shiga sai wuyanka ya yi ciwo don kallon sama. Mace ta kawo shadda shuɗiya mai tsada tana yanga, Anti za ta ɗaga ta a haske, ta taɓe baki, ta ce bai kai shuɗin tagar cocinsu ba.

Nakan ce, “Anti, ke komai na garinku ya fi na kowa.”

“Sauro dai naku ya fi. Wata rana zan kai ki, ki leƙa daga waje, kada malaminku na Islamiyya ya ji labari.”

Biki ne ya kai mu wani ƙauye bayan Faru, garin su Inna. Anti ta bi mu saboda ba ta gama kayan amarya ba, ta ce sai ta gwada a jikinta ta rage da allura. Washegari da hantsi muka ji babura, da yawa, tare. Ni cikin rumbu wata tsohuwa ta cusa ni ta ja murfi. Abin da na ji daga ciki ba zan rubuta shi ba. Da na fito rana ta karkata, na samu Anti kwance kusa da rijiya, ba rai, tef ɗin awo na rataye a wuyanta. Ba ita kaɗai ba ce.

Bazara ce, zafi kamar me. Waya ba ta tafiya a yankin, ba motar da za ta yarda ta shigo, kuma kowa na cewa masu baburan za su dawo. Maza suka fara haƙa. Wani ya ce wannan baƙuwar fa, ba a bar wa mutanenta ita ba? Inna ta ce a bar ta ina, ga karnuka? Liman ya ce salla dai ba za a yi mata ba, amma 'yar Adam ce, sutura hakkinta ce. Inna da wasu tsofaffi biyu suka shiga da ita ɗaki, ni nake miƙa musu ruwa. Kafin magariba maza suka ɗauke ta tare da sauran. Mu mata muka tsaya cikin gida, kamar yadda aka saba. Da gari ya waye kowa ya ɗauki abin da zai iya ya fita, har yau kuwa ba wanda ya koma ya zauna.

Mu a zatonmu gata muka yi mata. A wurinmu ba abin da ya fi a gaggauta rufe mamaci. Sai da muka dawo Mafara Baba ya kira ƙanin Anti ya yi masa ta'aziyya. Mutumin ya yi kuka, ya share hawaye, sannan ya tambayi ranar da zai turo mota a ɗauko ta. Ina zaune kusa da Baba na ga fuskarsa ta canja. A nan muka fara fahimtar cewa su a wurinsu mutum bai gama mutuwa ba sai an kawo shi gida, dangi sun gan shi, an kwantar da shi a ƙasar ubansa.

Baba mutum ne da bai iya faɗa wa mai kuka magana mai zafi. Ya ce, “A bari hanya ta yi kyau tukuna.” Bayan mako biyu aka sake kira, ya ce ana nan ana ƙoƙari. Aka sake, ya ce in Allah ya so. Da ya ga lambar sai ya tashi ya shiga bayan gida da buta. Damina ta zo ta wuce. Inna ta yi magana har ta gaji, rannan ta ce masa, “Malam, wagga ba kunya ba ta, zalunci na.” Ya ɗauki hularsa ya fita.

Ƙarshe aka yanke a aika Kawu, ƙanin Baba, mai kai albasa kudu, ya kai musu kayan Anti ya kuma faɗa musu baki da baki. Ni aka haɗa ni da shi don ina jin Turanci, kuma don Inna na ganin canjin wuri zai yi mini magani. Tun ranar ba ni barcin kirki. In babur ya wuce da gudu ta ƙofar shago sai a tsince ni ƙarƙashin teburin yanka.

Kwana biyu muka yi a hanya. Garin nasu na bakin babban kogi, hayaniya ko'ina, babura kuwa kamar ƙudaje, na riƙe bayan rigar Kawu kamar 'yar yaye. Muka sauka a unguwar Hausawa. Da safe Kawu ya kira ƙanin Anti, ya ce yana kasuwa ba zai fito ba sai bayan azahar, amma mahaifiyarsu na coci, kullum can take wuni, mu je mu same ta, tana jin Hausa.

Tun daga nesa na gane shi. Gini ne na jan dutse a kan tudu, da hasumiya doguwa mai agogo, gicciye a ƙolinta. Duk gidajen da ke kewaye sun zama kamar akurki. A ƙofar harabar Kawu ya ajiye jakar kayan, ya gyara hula, ya dubi hasumiyar, ya dubi ƙasa.

“Ni nan za ni tsayawa.”

“Kawu, kai fa anka aiko.”

“Na sani. Ki shiga ki kira ta waje, mu yi magana nan ga inuwa.”

“Ni kaɗai?”

“Ke mace ta, ba mai ce miki komi. Ni da gemun ga in shiga, a gan ni, labari ya kai Mafara kahin in kai?”

Ya yi 'yar dariya, amma idonsa na kan jakar kayan. Na gane ba gemu ba ne ya tsayar da shi.

Matakala goma sha wani abu na hau. Ƙofar ta katako ce mai kauri, ta ninka tsawon mutum biyu, an sassaƙa ganyaye da 'ya'yan inabi a jikinta, wurin da hannu ke taɓawa ya yi baƙi yana sheƙi. Na tuɓe takalmana na jera su a gefe. Ban yi tunani ba, wurin ibada ne, ƙafata ce ta yi da kanta. Na yi bisimilla a zuci, na nemi gafarar Allah, na shiga da ƙafar dama.

Sanyi ne ya fara tarbata, daga dutsen ƙasa ya hau har gwiwa. Sai ƙamshi, wani turare mai kama da na ƙaro, gauraye da na kyandir. Ginshiƙai jere biyu sun tafi can gaba, kowanne mutum uku ba za su rungume shi ba, a samansu bakan-gizo irin na tsofaffin soraye, sai dai waɗannan sun tashi sun haɗe a wani tsawo da ban san ana iya rufe shi ba. Na ɗaga kai har hijabina ya zame. Anti ba ta yi ƙari ba, wuyana ya amsa.

Mutane ba su fi biyar ba, kowa a warwatse cikin bencuna. Wata tsohuwa ƙarama mai baƙin ɗankwali tana goge benci da tsumma. Ta dubi hijabina, ta dubi ƙafafuna.

“Ina takalminki?”

Da Hausa ta faɗa, wata tsohuwar Hausa mai nauyi, irin wadda aka daɗe da ajiyewa. Na gane ita ce mahaifiyar Anti. Daga baya na ji mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, sun zauna arewa shekaru kafin a haifi Anti.

Na durƙusa har ƙasa. “Ina kwana, Mama. Suna waje.”

“Za a sace. Nan ba masallaci ba ne, ɓarayinmu ba su jin kunya.” Ta kira wata mata da yarensu, aka ɗauko mini su a hannu. Ban iya sa su ba, na riƙe su a ƙirji.

Na ce, “Mun same ku lafiya? Ya gida? Ya haƙuri, Mama? Ya ƙarin haƙuri?” Na jero gaisuwar duka yadda Inna ta koya mini, ina jan ta don kada ta ƙare. Ta bar ni har na rasa abin ƙarawa.

“Ke ce yarinyar shago. Mai karkataccen layi.”

“Ni ce.”

“Kun zo da ita?”

Idanunta irin na Anti ne sak, har da yadda gira ɗaya ke ɗagawa. Na ji bakina ya ce, “Mun zo da kayanta. Kawuna na waje, ya ce ko za ki fito.”

Ta ninke tsumman gida huɗu, ta ajiye a kan benci.

“Ya jira. Ni ma na jira. Zo ki ga wurin da aka yi mata baftisma.”

Ta kama tsintsiyar hannuna, muka tafi a hankali, tana jan ƙafa ɗaya. Ta nuna mini wani kwano na dutse a kan ginshiƙi gajere, ta ce a nan fada, limaminsu, ya zuba wa Anti ruwa a ka tana jaririya, ta yi masa fitsari a riga. Ta ce duwatsun ginin nan a ka aka ɗauko su daga bakin kogi, ubanta, kakan Anti, na cikin masu ɗauka yana yaro, har ya mutu tsakiyar kansa ba ta fitar da gashi ba. Ta nuna mini sama ta baya, inda bututun ƙarfe suke jere, manya da ƙanana, ta ce molo ne mai amfani da iska, in an kaɗa shi ana ji a ciki kafin a ji a kunne. Ina cewa to, to. Saƙon kuwa ban faɗa ba.

Sai muka zo ƙarƙashin tagogin. Dogaye ne, masu tsini a sama, rana ta bugo su daga waje. Ban fara ganin mutanen da ke jiki ba, haɗin na fara gani. Ƙananan gutsattsarin gilashi ne, ja da kore da ruwan zuma, an yanka kowanne daidai, an haɗa su da baƙin layin dalma, ba inda ya karkace. Ɗinki ne, da gilashi. A tsakiya akwai mace sanye da mayafi shuɗi, uwar annabin nan da mu ma muka sani, wadda take da sura sukutum a Alƙur'ani. Hasken mayafin ya zubo ƙasa ya kwanta a kan ƙafafuna. Shekara biyu ina jin labarin shuɗin nan ina musu. Na so a ce Anti na nan in ce mata ta yi gaskiya, ta ɗaga mini gira.

Mama ta ce, “Bencinta ke nan. Ba ta jin wa'azi, taga take kallo.”

A jikin bango, tsakanin taga da taga, akwai allunan katako da aka sassaƙa mutane a kai, goma sha huɗu, sun zagaye cocin. Mama ta ce hanyar da aka bi da annabin nan ce zuwa gicciye, ana bin ta ɗaya bayan ɗaya. Mu an karantar da mu ba a kashe shi ba, ɗauke shi Allah ya yi, kuma an hana mu siffanta annabawa. Na sunkuyar da kai ina istigfari. Amma ta tsaya a gaban kowanne, hannuna na cikin nata, ido kuwa ba ya jin magana. Ga shi an ɗora masa gungume. Ga shi ya faɗi. Ga sojoji, wanda ya sassaƙa su ya ba su fuskoki irin na kowa, ɗaya ma kamar yana tunanin abincin rana. Wannan ne ya tayar mini da hankali, don wanda na hango ta tsagar rumbu shi ma haka fuskarsa take, ba fushi ba komai. Ga wata mata ta kutsa cikin taro tana share masa fuska da ƙyalle. Ga shi ya sake faɗi.

Muna kan na tara ko na goma aka buga ƙararrawar hasumiya.

Ban san lokacin da na saki takalman ba. Na tsinci kaina ƙarƙashin benci, hannuwa a ka, goshina a kan dutse, ina jin kowane bugu a haƙorana. Da ta yi shiru ban fito ba. Na ga ƙafafun Mama sun matso, na ji bencin ya yi ƙara ta zauna a kansa. Ba ta ce in fito ba.

Can ta ce, “Sha biyu ce kawai.”

“Na sani, Mama.”

“Tun ranar kike haka?”

“Eh.”

“To kina wurin.”

“Ina wurin.”

Na rarrafo na fito. Ta sake kama hannuna, amma ba ta koma kan allunan ba. Ta kai ni wani lungu a gefen dama, inda kyandirori ke ci cikin jajayen kofuna. A can akwai mutum-mutumi na farin dutse, girman mutane. Matar nan ce a zaune, an ɗora mata ɗanta a cinya, babba, ya fi ta tsawo, hannunsa ɗaya ya saki yana lilo. An fitar da haƙarƙarinsa da jijiyar ƙafarsa. Ninkin zanenta kuwa, da ba don na san dutse ba ne da na ce in an hura zai motsa. Babban yatsan ƙafarsa ya sulɓe saboda taɓawar mutane. Ita ba ta kuka. Kallonsa kawai take, tafin hannunta ɗaya a buɗe.

Mama ta ce, “Kullum nan nake zama. Kin gani? Sun kashe mata shi, amma da yamma sun ba ta abinta.”

Ta juyo gare ni.

“An sa rana sau ɗaya, da ubanki ya ce an kusa. Dangi sun zo daga nesa. An dafa abinci. An haƙa rami a tsakar gida kusa da na ubanta. Mota ba ta zo ba. Muka rufe ramin da kwanon rufi. In ruwa ya shiga in kwashe, in ganye ya shiga in share. Wata bakwai. Yarinya, kada ki gaishe ni kuma. Ina take?”

Na durƙusa. Na kalli yatsan dutsen nan don ba zan iya kallonta ba.

“Mama, ba za a kawo ta ba. An rufe ta tun ranar. Kafin rana ta faɗi.”

Na jira ihu. Ba ta yi ba. Ta lalubi benci da hannu ta zauna.

“Wa ya ba ku izini?”

“Ba kowa. Ba waya, ba mota, ga zafi. Mun ɗauka daidai muka yi.”

“Akwati?”

“Mu ba mu sa akwati.”

“An rubuta suna?”

“Ba mu rubutawa, Mama. Ko babban malami ne, ƙasa ce sai ƙaya a sama.”

Ta nuna wata ƙaramar ƙofa da ke buɗe a gefenmu. Ta cikinta ana hango kaburbura jere ƙarƙashin itatuwa, kowanne da farin dutse. “Waɗancan Turawa ne, fada-fada na farko. Zazzaɓi ya kashe su, uwayensu ba su gan su ba. Amma ga suna. In uwar ta zo za ta san inda za ta tsaya.” Ta numfasa. “To ki kai ni. Na tsufa amma zan hau mota. Ki nuna mini da yatsa.”

Wannan ita ce tambayar da na fi tsoro tun daga Mafara.

“Ban san wurin ba. Mata ba su bin gawa. Mazan da suka haƙa sun watse, ɗaya ya ce kusa da wata aduwa, ɗaya ya ce ba can ba. Damina ta bi ta kai. Kuma garin ba ya shiguwa.”

Ta rufe ido. Wani mutum ya shigo ya durƙusa can nesa, ya gama, ya fita, ba ta buɗe ba. Ina ta jiran ta zage ni, da ta yi da na ji sauƙi.

Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa. “Haka aka jefa ta, da jini?”

“A'a, Mama. Innata ta wanke ta.”

“Da me?”

“Da ruwan ɗumi. Ni na hura wutar. An sa ganyen magarya, na ƙarshe aka sa turare. Sau uku. An fara da dama. Inna ta tsefe mata kai ta yi mata kalaba uku.”

“Ba ta son ruwan sanyi.”

“Inna ta sani.”

“Da me aka naɗe ta?”

“Farin yadi, sabo. Na kakata ne, wanda ta ajiye wa kanta a ƙasan akwati. Ita ta ce a ɗauko.”

Mama ta buɗe ido. “Yaya kuke kwantar da mutum? Nuna mini.”

Na fara kwatantawa da hannu, ta girgiza kai. Sai na gane. Na dubi cocin, ba mai kallonmu. Na kwanta a kan dutsen nan mai sanyi, a gaban mutum-mutumin, ta gefen dama, na miƙe ƙafafu, na haɗa hannuwa a jiki. Na ce ba a zuba ƙasa a kan mutum kai tsaye, ana jera itace ko fasassun tukwane a sama tukuna, a liƙe da laka, ya zama kamar ɗan ɗaki. Ina faɗa ina kallon ƙafar benci, hawaye na gangarawa ta kan hancina zuwa ɗaya idon.

Na ji ta sauko, da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ta gyara mini hijabi inda ya naɗe. Ta ɗora tafin hannu a kafaɗata, ta bi da shi har ƙugu, ta dawo, kamar mai lallashin yaro. Ta yi magana mai tsawo da yarensu, ba da ni take ba. Sau biyu na ji sunan Anti na gida, wanda ba mai kiranta da shi a Mafara. Ban motsa ba har ta gama.

Sannan ta ce, “Tashi, ƙasa da sanyi.”

Ni na ɗaga ta. Ta tsaya tana riƙe da ni har numfashinta ya daidaita. Na ce ko in kira Kawu, ta ce ba ta da magana da shi, ya bar kayan wurin mai gadi. Ta ce ita za ta faɗa wa ɗanta da bakinta, kuma gara ya tarar mun tafi. Ta ce gobe za ta sa a cike ramin.

A bakin babbar ƙofa ta tsaya, ba ta taka waje ba.

“Saƙo biyu zan ba ki. Ki ce wa uwarki na gode da ruwan ɗumi, ki ce ta gode wa tsohuwa mai yadi. Ubanki kuma ki ce masa, da ya faɗa mini tun ranar farko, da na yi kuka na gama. Ki ce wata bakwai ina share rami saboda shi. Kada ki gyara maganar. Yadda na faɗa.”

Na ce to.

Kawu na nan inda na bar shi, a tsugune a inuwa. Ya miƙe da ya gan ni. “Tana hitowa?” Na ce an gama. Har muka hau mota washegari bai tambaye ni yadda aka yi ba, sai dai duk inda aka tsaya ya sayo mini abu ya ajiye a cinyata, ayaba, gyaɗa, ruwa, ba ya kallona.

Na Inna na faɗa mata tun ban cire hijabi ba. Ta zauna a bakin murhu ta yi kukan da ba ta yi ba a ƙauye. Kakata ba ta ji nata ba, ta rasu muna hanya, aka rufe ta da yadin da aka sayo a kasuwa.

Baba ya kira ni zaure da la'asar. Ya rame a 'yan kwanakin nan, ko kuma ni ce ban lura ba sai ranar. Ya tambayi hanya, ya tambayi masauki, ya tambayi ko an ba mu abinci. Sannan ya ce, yana murza bakin tabarma, “Tsohuwar hwa? Ta ce wani abu?”

Na dubi hannunsa. Na ce, “Tana gaishe ka.”

Ya ce, “Ina amsawa. Allah shi ba ta haƙuri.”

Yau wata uku ke nan. Kullum da safe ni nake kai masa kunu zaure, in durƙusa in ajiye, in ce a raina yau zan faɗa yadda ta faɗa. Sai ya ɗago ya ce Allah shi yi miki albarka, in tashi in buɗe shago.